Injin Tahiru Mai Jiran Gaisuwa

Hadarin ranar nan ya taso daga gabas tun mata ba su gama dakan safe ba. Ya zo baƙi ƙirin, ƙasa-ƙasa, da iska mai sanyi a gabansa wadda ta kwashe zannuwan da anka shanya bisa danga ta kai su gidan maƙwabta. Da ruwa ya kece bisa ƙasar Kurfai bai ɗauke ba sai da rana ta karkata. Kwari ya cika, kwaɗi sunka buɗe baki, jakai sunka tsaya tsakar gari kunnuwa a sake kamar waɗanda anka yi wa faɗa. Zamanin soja ne, shekarun da sufurfe, wato mai mulkin yankin Filinge, yake sanye da kaki.

Da marece mazan Tungar Maikano sunka taru a rumfar Baushe sunka kewaye rediyo. Lokacin damina akwai wani mutum a Yamai da ke karanta sunayen garuruwan da sunka samu ruwa a ranar, da yawan abin da kowane ya samu. Ya karanta Filinge. Ya karanta Damana, ya karanta Bonkuku, ya karanta Tabla, ya tsallaka ƙasar Dogon Dutsi, daga nan anka sa goge. Ba a ji Tungar Maikano ba, ga shi kuwa rigunan masu saurare ba su ma bushe ba.

Baƙo zai ce mene ne a ciki, tunda ruwan ya shiga gona. To akwai abu a ciki. Samarin Tunga da ke ci-rani a Yamai da Gaya, da rediyo suke sanin lokacin komowa shuka, in ba su ji sunan garinsu ba sai su ƙara mako. Kuma mutanen garin da ke maƙwabtaka da su suna da baki. Ranar kasuwa sai su tare ɗan Tunga su yi masa jaje da fuska a ɗaure, su ce sun saurara ba su ji an ambace su ba, ko hadarin ya sake kewaye su ne? Wanda abin ya fi ci wa rai shi ne Baushe. Tsoho ne mai riƙe da al'adar kakanni, shi ke yanka baƙin bunsuru gindin dutse kafin shuka, saboda haka in ruwa ya zo aikinsa ne, in bai zo ba laifinsa ne. Da ma'aikacin noma ya kawo gwangwanin awon ruwa bai sha wahalar neman inda zai kafa shi ba, kowa ya nuna masa ƙofar Baushe. Baushe bai san lamba ba. In an yi ruwa sai ya juye shi cikin kwalbar awo, ya tsoma tsinken gamba, ya karya shi daidai inda jiƙa ta tsaya, ya ba duk mai tafiya Filinge ya kai.

Wannan karon bai ba kowa ba. Ya soka tsinken a hula, ya hau jaki, ya sauka ƙofar biro, wato ofishin sufurfe, inda ɗan Tanne ƙanwarsa yake aiki.

Wannan ɗan ƙanwar shi ne Tahiru, kuma labarinsa ne nake so in bayar. A Tunga anka haife shi. Shekarar da anka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lokol, makarantar boko, shi anka bayar, don shi ne ba ya da sauri wajen noma. Ya yi karatu daidai gwargwado, ya koyi buga takarda da keken rubutu, ya zama daktilo. Mutum ne siriri mai sanyin magana, kuma duk Filinge an san shi da abu ɗaya: gaisuwa. In ka gamu da Tahiru a hanya kana ɗauke da kaya, gara ka sauke. Zai tambaye ka kwana, da gajiya, da gida, da yara, da mai jiki, in babu mai jiki ya tambayi wanda ya warke bara. Matarsa Dijatu ta daina aikensa sayen nama da safe, ta ce sai miya ta ƙone bai wuce bakin masallaci ba.

Sai ga shi Allah ya haɗa shi aiki da wani kaftin, shi ne sufurfen, wanda bai san wannan ba. Kaftin ɗin ba mugu ba ne, amma in ya shigo sai ya aje takarda bisa tebur ya ce, “Buga,” ya juya. Tahiru ya buɗe baki zai ce ina kwana, sai ya ga ƙeya. Shekaru yana haɗiye gaisuwar nan har ta taru masa a ciki.

Ranar da Baushe ya zo sunka gaisa har jakin ya kwanta. Sa'an nan tsoho ya zare tsinke daga hula, tsawonsa ya kusa taƙi, ya aje bisa keken rubutu.

“Ɗan Tanne, ruwanmu ina sunka shiga?”

Tahiru ya yi masa bayani a hankali. Ya ce tsinke yakan kwana biyu ko uku a hanya, in ya iso sai ma'aikacin noma ya auna shi ya rubuta, sai shi Tahiru ya buga, sai a kai wa mai wayar iska ya karanta wa Yamai. Su kuwa na rediyo ruwan yau suke so, ba na shekaranjiya ba. Ko ya iso da wuri ma, mai kwafewa a can manyan garuruwa yake ɗauka ya bar ƙanana, don hannunsa na gajiya. Ya ƙare da cewa in Allah ya so wata rana kawu zai ji sunan Tunga da kunnensa.

Baushe ya ce, “Allah ya so tun shekaranjiya, ya ba da ruwa. Ku ne ba ku so ba.”

Ya bar masa tsinken ya hau jakinsa.

Cikin shekarar wani furoje, wato shirin taimakon noma, ya kawo ordinata, kwamfuta ke nan, biron. Bature ya zo da ita, ya kunna, ya nuna wa mutane, ya kamu da zazzaɓi, ya koma ƙasarsu ya bar wani littafi mai kauri da bangonsa ya yage. Ordinatar wancan zamani ba irin ta yanzu ba ce mai hotuna da ɗan kusun nan da ake ja bisa tebur. Gilashi ne baƙi, da wani ɗan farin tabo yana ƙyaftawa a kusurwa. Ka rubuta kalma ka danna babban maɓalli, in ta san kalmar ta yi aiki, in ba ta sani ba ta gaya maka da Turanci cewa ka yi shirme. Kowa ya guje ta. Anka ture ta kusa da Tahiru tunda ita ma haƙoran rubutu gare ta.

Tahiru ya ɗauki littafin ya riƙa kwafe abin da ke ciki kamar yadda yake kwafe wasiƙun kaftin, harafi bayan harafi, ba tare da ya gane ba. Da ya kwafe shafi ya danna sai injin ya yi wani abu. Ya sauya kalma ɗaya ya ga abin ya sauya. Da haka, rani biyu da damina, ya gane cewa mutum na iya ƙirƙiro kalmarsa ya koya wa injin. Kalmar da ya koya masa ita ce ruwa. In ka rubuta ruwa ka danna, sai ya tambaye ka sunan gari da yawan milimita, ya jera su, ya haɗa da na jiya, ya fitar da saƙo tsaf, ƙaramin gari da babba duk layi ɗaya.

Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai. Duk safiya sai ya zauna gaban baƙin gilashin ya rubuta kalma ɗaya ya danna, ba sallama ba komai, ya ga ya zama kaftin. Shi ma injin yakan jefo masa “Sunan gari?” kamar jandarma a shingen hanya. Sai ya zauna ya gyara. Daga ranar, in ka rubuta ruwa, abin da zai fara fitowa shi ne:

Ina kwana?

Sai ka rubuta lahiya lau. Ya ce ina gajiya, ka ce babu gajiya. Ya ce ina gida, ka amsa. Ya ce ina ruwa, ka ce ruwa sun yi gyara. Sai ya ce to madalla, sa'an nan a shiga aiki. In rana ta yi, ina wuni yake cewa. In ka danna maɓalli ba ka rubuta komai ba, ba ya fushi, yakan maimaita tambayar ya jira. Yana iya jira har kuran, wato lantarki, ta ɗauke.

Sojoji sunka koma bariki, anka yi zaɓe, bayan wasu shekaru anka buɗe meri, wato ofishin magajin gari, a Tabla da Damana da Bonkuku, kowace da ordinata da farantan hasken rana bisa rufi. Tahiru ya ga hanya ta buɗe, domin daga Tunga zuwa Tabla tafiyar hantsi ce. In tsinken Baushe ya kai Tabla kafin azahar, akwai injin da zai karɓe shi a ranar. Ya kwafe aikinsa cikin disket, ya ba Isufu direba mai zuwa kasuwannin ƙauye.

Disket na farko Isufu ya aje shi gaban gilashin mota, ya isa Damana a lanƙwashe kamar ƙosan da ya kwana. Na biyu ya sa shi a aljihu tare da goro. Na uku Tahiru ya kai wa baduku ya ɗinka masa gidan fata da igiya, ya rataya wa Isufu a wuya. Wannan ya isa lafiya, sai dai Isufu ya ƙi cire shi, ya ce tun da ya rataya shi taya ba ta fashe masa ba. Sai da anka ɗinka wani gidan anka sa lanƙwasasshen nan na farko anka musanya masa.

Daga nan ƙorafi ya fara dawowa ta bakin Isufu. Sakataren Damana Bazabarme ne, injin ya ce masa ina kwana ya amsa da Zabarmanci, injin ya sake cewa ina kwana, sunka yi ta yi har ya aiko a tambayi Tahiru ko abin nasa ɗan ƙabilanci ne. Tahiru ya ji kunya ƙwarai, ya koya masa amsar Zabarmawa, ya ƙara da ta Buzaye saboda Bonkuku, ya sake aikawa. A Bonkuku agogon cikin injin ya mutu, ko da la'asar sai ya ce ina kwana, mutane sunka ce ai ma'aikacin gwamnati ne, yanzu ya tashi. Sabon disket da tsoho kamarsu ɗaya, sai ya riƙa ɗiga wa sabo jan farcen Dijatu, in an sake gyara ya ɗiga biyu. Dijatu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mijin da ke satar jan farce don ya shafa wa roba ba.

Ƙorafin da ya fi shiga ransa daga Tabla ya zo, wurin sakatare Sahabi, wanda shi ma Bakurfaye ne. Sahabi ya aiko cewa abin ya yi, amma akwai rashin ladabi a ciki, kuma shi ake sa wa ya yi rashin ladabin. A tambaye ka gidanka, kai ba ka da damar tambayar na mutum? Tahiru ya ce wallahi gaskiyar Sahabi. Ya gyara yadda in ka amsa ka mayar da tambaya, injin zai amsa maka ya ƙaro wata, kuma ba zai taɓa katse ka ya shiga aiki ba muddin kana tambaya. Wannan shi ne mai ɗigo uku. Sahabi ya aiko da zabuwa.

Wayar hannu ta zo ƙasar, disket ya ba da wuri ga ɗan kile mai kama da makulli da ake soka wa injin, saƙon ruwa ya riƙa tashi daga meri ya faɗa Yamai kafin mutum ya sha fura. Amma a can har yanzu hannu ke kwafewa, hannun kuma bai daina gajiya ba. Baushe ya tsufa har ya bar hawan jaki. Duk sanda Tahiru ya je Tunga sai su gaisa sosai, in an gama tsoho ya ɗan dubi rediyon da ke rataye a rumfa ya kau da kai.

Shekarar da sojoji sunka sake karɓar mulki, bayan daminar da ba ta yi kyau ba, babban biron awon ruwa na Yamai ya ɗauki wata yarinya mai suna Fati wadda ta yi karatun ordinata. Ita ta lura cewa saƙon da ke zuwa daga ƙasar Filinge ya fi na ko'ina tsabta. Ta nemi wanda ya yi shi, ta kira Tahiru a waya, ta kashe katinta duka bai gama gaishe ta ba, ta sake sayen wani ta kira. Ta ce tana so ta ɗora aikinsa bisa babban injin Yamai. Kullum da la'asar injin zai tashe shi da kansa, ya tattara saƙonnin Filinge duka, ya buga takardar da ake kai wa rediyo, ba hannun kowa a ciki, ba sunan da zai faɗi a hanya. Tahiru ya ƙara masa kalma, in an ce ruwa tara sai ya tattara. Ya aika mata. Ta zauna ta gwada sau da yawa, ya yi aiki kamar ruwan sanyi.

Tahiru ya sayi batir sababbi ya ba Isufu ya kai Tunga, da saƙon cewa kawu ya saurara ran da anka yi ruwa na gaba. Baushe bai tsaya nan ba. Ya aika wa maƙwabtan nan masu baki ya ce su zo su sha fura a rumfarsa.

Ruwa ya zo mai kyau. Tsinke ya kai Tabla, Sahabi ya auna, ya gaisa da injin, ya aika. Da marece rumfa ta cika har waje. Mai karatu ya karanta garuruwan yamma, ya zo inda Filinge take ya tsallake ta kamar rami, ya faɗa Dogon Dutsi. Ba Tunga, ba Tabla, ba Damana, ba Bonkuku, ita kanta Filinge da ba a taɓa mantawa da ita ba babu. Baƙi sunka shanye fura sunka yi godiya, sunka ce ashe abin nasu yaɗuwa yake, yanzu ya kama ƙasar duka.

Washegari haka, wanshekare haka, ga ruwa kullum. Tahiru ya daina bi ta kasuwa. Mahauta da ba su san mene ne ordinata ba sun san cewa shi ya shafe Filinge daga rediyo.

A Yamai Fati ta rasa inda za ta sa kanta. Duk safiya ta zauna ta rubuta ruwa tara, takarda ta fito cikakkiya. Da la'asar in ta bar shi shi kaɗai, shiru. Ta zargi layin waya, ta zargi kuran, ta sauya igiya. Abin da ya hana ta gani shi ne ita ma 'yar mutane ce. In injin ya ce mata ina kwana, yatsunta ke amsawa da kansu tana tunanin wani abu, kamar yadda take amsa mai gadi a ƙofa. Ba ta taɓa lissafa gaisuwar cikin aikin ba. Sai ran da ta buɗe shafin da ke nuna aikin da injin ke yi a ɓoye ta leƙa, ta tarar da “Ina wuni?” ɗaya ƙarƙashin ɗaya, na kowace la'asar yana tsaye yana jira, ɗan farin tabo na ƙyaftawa.

Ta kira Tahiru ta ce ya zo Yamai. Ta ce shugabanta ya ba ta zuwa ƙarshen mako, in bai gyaru ba za a koma kwafewa da hannu, manyan garuruwa kawai, kuma ba za a sake gwadawa ba.

Tahiru ya shiga motar Isufu da asuba. Ya isa biron bayan azahar da ƙurar hanya a gira. Ya gaishe ta, ta amsa duka tana kaɗa ƙafa, sa'an nan ta juyo masa da gilashin.

“Baba Tahiru, lokacin da yake wannan aikin babu kowa a nan. Wa yake gaisarwa?”

“Wanda ya tashe shi, ɗiyata.”

“Agogo ke tashe shi, Baba.”

Tahiru ya dubi layukan. Ya ce cikin sanyi, “Kwana da kwanaki shina tsaye, ba wanda ya amsa mishi.”

Fati ta ce ba tausayinsa za a ji ba, gyara shi za a yi, kuma gyaran ba wuya. Ko a cire gaisuwar, ko a ƙara kalma ɗaya, in an rubuta ruwa tara shiru sai ya wuce kai tsaye. Ta ce haka ake yi ko'ina a duniya, duk abin da zai yi aiki ba mutum a gabansa ba ya tambaya. Tahiru ya yarda cewa gaskiya ta faɗa. Amma ya ce ya san sakatarorinsa. In kalmar nan ta wanzu, kafin kaka ta kai Damana, kafin baɗi babu mai gaisawa da shi ko ɗaya, ya koma abin da ake aje wa takarda a ce buga. Fati ta yi dariya ta ce ita ce ma za ta fara. Ya ce ai ya gani a ƙafarta.

Ya roƙe ta kujera. Ya ce tunda matsalar ba mai amsawa ne, sai a samo mai amsawa. Ya zauna da yatsunsa biyu na daktilo ya rubuta wani ɗan ƙaramin aiki ya sa masa suna amsa, wanda ba ya da sana'a sai jiran a gaishe shi. Fati ta tsaya bayansa hannu a ƙugu, ta ce tun da ta fara karatu ba ta taɓa ganin an gyara abu ta wannan hanya ba, amma ta haɗa masa su baki da baki ta danna.

Ina wuni? in ji ruwa.

Lahiya lau, ina gajiya? in ji amsa.

Babu gajiya, ina gida?

Lahiya lau, ina yara?

Tahiru ya gyara zama yana murmushi. Ya yi wa amsa tarbiyya irin ta Sahabi, ba ya karɓar tambaya bai mayar ba. Shi kuwa ruwa, tun mai ɗigo uku, ba ya katse mai tambaya. Da tambayoyin sunka ƙare sai sunka koma kan ina wuni sunka sake ɗaukowa. Layuka sunka riƙa gudu sama har ido ba ya iya karantawa, fankar cikin injin ta fara kuka. Ma'aikata sunka baro teburansu sunka taru. Wani Bazabarme mai furfura ya sa tabarau ya duba ya ce ko ba a gaya masa ba ya san waɗannan biyun 'yan Filinge ne, ya taɓa tsayawa bayan irinsu a layin famfo.

Fati ta yi dariya har ta zauna ƙasa ta riƙe ciki. Tahiru kuwa ya daɗe yana kallo, don a gaskiya abin ya yi masa kyau. Sai da ta share hawaye ta nuna masa agogon bango, ta ce mai babur da ke kai takarda rediyo yana ƙofa, kuma shi ba Bakurfaye ba ne, ba ya jira.

Dole ɗaya ya yi shiru, Tahiru ya tsaya tunanin wane. Ruwa ya girmi amsa da shekaru fiye da goma, amsa kuwa ko sallar la'asar bai gani ba a duniya. Ya ce yaro in ya amsa wa babba, ya tambayi gajiyarsa sau ɗaya ya isa, sai ya sadda kai. Ya goge layi biyu ya rubuta ɗaya. Fati ta sake dannawa. Sunka gaisa gajere, ruwa ya ce to madalla, injin bugawa ya yi tari ya fara turo takarda. Ta fito doguwa, ta sauka daga tebur ta taɓa ƙasa. Fati ta yage ta ta miƙa wa mai babur, ta ce wa Tahiru za ta rubuta a takardar bayani cewa kada wanda ya zo bayanta ya kashe amsa, ko da bai gane amfaninsa ba.

Tahiru bai samu motar komawa ba ranar. A tasha ya tsaya wurin mai shayi, ya roƙe shi ya ƙara muryar rediyo. Mai karatu ya zo Filinge ya karanta ta, ya karanta Damana da Bonkuku da Tabla, sai ya shiga wasu sunaye da bakinsa bai saba da su ba, yana tafiya a hankali kamar mai taka ƙaya.

“Tungar Maikano, milimita biyu.”

Ranar yayyafi kawai anka yi a Tunga. Duk manyan ruwan makon sun wuce a shiru, tsinken da Baushe ya aika da safen nan bai kai farce ba. Mai shayi ya tambayi Tahiru ko lafiya, don ya ga ya aje kofi ya tsaya ƙiƙam. Tahiru ya ce lafiya lau, garinsu ne.

Abin da ya faru a Tunga Isufu ne ya kawo labarinsa. Maƙwabta ba a gayyace su ba wannan karon, amma sun ji a gidajensu, kuma ranar kasuwa sunka tarar da Baushe zaune bisa tabarma da rediyo a cinya. Sunka yi masa barka, sunka ce shekara da shekaru ana jira, ashe abin da za a faɗa wa duniya ke nan, milimita biyu, ko akuya ta fi haka in ta tsaya gindin danga. Baushe ya bari sunka gama dariya. Garinsu ba su da gwangwanin awo, ba su taɓa nema ba.

Ya ce, “Haka ne, biyu anka ce. Ku fa, nawa anka ce kun samu?”

Baushe ya ƙara damina uku yana jin sunan garinsa kafin ya rasu. Aikin Tahiru ya yi shekaru bisa injin Yamai, shi da amsa, har anka koma aika awon ruwa ta wayar hannu kai tsaye anka sauke su. Fati ta zama shugabar sashenta. Tahiru ya aje aiki, idonsa ya rage gani, ba ya taɓa ordinata yanzu. Yana Filinge, unguwar bayan kasuwar dabbobi, shi da Dijatu, yana noman hatsi da wake a gonarsa ta hanyar Tabla.